Intel ko AMD? Abin da mai haɗa kwamfutar tebur zai duba kafin sunan kamfani

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya rufe tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Ita kuwa Windows 11 da ta gaje ta, ba kowace kwamfuta take yarda ta hau ba. A ƙa'idar kamfanin, sai mai furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama (zubi shi ne rukunin furosesar da kamfani ke fitarwa a lokaci ɗaya, sabo na bin tsoho), ko ta AMD daga Ryzen 2000 zuwa sama, in ban da 'yan tsirarun da aka ware. Wannan sharaɗi ya bar ɗimbin kwamfutocin tebur na hannu a baya, irin HP da Dell masu zubi na 3 da na 4 da suka cika shagunan buga takardu da ofisoshi da makarantu. Da yawa daga masu su sun fara tunanin haɗa sabuwa daga tushe: a sayi kowane kaya daban, mai gyara ya haɗa.

Duk wanda ya shiga kasuwa da wannan niyya, a titin Beirut na Kano ne ko Banex a Abuja ko Computer Village da ke Ikeja, zai ci karo da maganganu biyu masu karo da juna. Wani mai shago zai ce masa, "Alhaji, bar AMD ɗin nan, zafi gare ta, ba ta jure yanayinmu." Yaron da ke bin labarai a intanet kuma zai ja shi gefe ya ce, "Yallaɓai, Intel ce fa yanzu take lalacewa da kanta." Kowace magana tana da tushe a wani abu da ya faru da gaske. Sai dai ɗaya ta tsufa, ɗaya kuma an faɗaɗa ta fiye da inda ta tsaya.

## Kalmomin da cinikin ke tafiya a kansu

Furosesa wani ɗan murabba'i ne da bai cika tafin hannu ba, wanda duk lissafi da umarnin kwamfuta ke bi ta cikinsa, shi ya sa ake ce mata ƙwaƙwalwar kwamfuta. A cikinta akwai abin da ake kira kor, wato injinan lissafi masu cin gashin kansu. Furosesa mai kor shida tamkar shagon ɗinki ne mai tela shida. In ankon biki aka kawo, kowa ya ɗauki rabonsa a gama da wuri. In kuwa babbar riga ɗaya ce ake wa aiki, saurin hannun tela ɗaya ne zai yi magana, sauran biyar suna zaune. Haɗa bidiyo da fitar da zanen gini irin aikin anko ne. Buɗe Word, shiga intanet da yawancin wasannin kwamfuta sun fi kama da aikin babbar riga.

Tun daga zubi na 12, wanda ya fito a ƙarshen 2021, Intel ya raba kor ɗinsa gida biyu: manya masu ƙarfi, da ƙanana masu tsimin wuta, kamar ƙwararrun teloli da yaran shago. Saboda haka in aka ce Core i5-13600K tana da kor 14, shida ne manya, takwas ƙanana. Ryzen 5 7600X kuwa shida gare ta, duka manya. Wanda ya dubi 14 da 6 kawai ya yanke hukunci, ya kwatanta abubuwan da ba jinsi ɗaya ba.

Sai abin da ake kira kash (cache), wata 'yar ma'ajiya mai tsananin sauri da ke cikin furosesar kanta, kamar teburin da ke gaban tela, inda RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da kwamfuta ke kai, yake matsayin kantar bayan shago da sai an tashi an ɗauko. Sai soket, gurbin da furosesa ke zama a kan madabod, wato babban allon da komai ke manne a jikinsa. Furosesar Intel ba ta shiga soket ɗin AMD, haka ta AMD ba ta shiga na Intel. Lambar GHz da masu shago ke son ambata tana nuna yawan bugun da furosesa ke yi a daƙiƙa, amma ba ta da amfani wajen kwatanta kamfani da kamfani ko zubi da zubi, domin aikin da sabuwa ke gamawa a bugu ɗaya ya ɗara na tsohuwa nesa.

## Daga ina zancen zafin AMD ya fito?

Kamfanonin biyu na Amurka ne, a jihar Kalifoniya. Robert Noyce da Gordon Moore suka kafa Intel a 1968, Jerry Sanders da abokansa suka kafa AMD a 1969. Da IBM ya fitar da kwamfutarsa ta tebur a 1981 da furosesar Intel, ya nace a samu kamfani na biyu da zai iya ƙera irinta, kada kaya su yanke masa. Ta wannan ƙofa AMD ya shigo. Har yau yare ɗaya furosesar kamfanonin biyu take ji, wanda ake kira x86, kuma tsarin 64-bit da kowa ke amfani da shi yanzu AMD ne ya fito da shi a 2003, Intel ya ɗauka daga baya. Abin da wannan ke nufi ga mai saye shi ne Windows, Excel, CorelDRAW, Photoshop da AutoCAD duk suna aiki a kan kowacce. Maganar cewa wai manhajoji "ba sa karɓar AMD" ba ta da makama a yau. Furosesar Apple da ta Qualcomm wani gida ne daban, ba a sayar da su a kwali don mutum ya dasa a madabod ɗinsa, don haka ba sa cikin wannan lissafi.

A 2006 Intel ya fitar da Core 2 Duo ya yi wa AMD fintinkau. AMD ya yi yunƙurin ramawa a 2011 da jerin FX, sai abin ya zo da cin wuta mai yawa da aiki kaɗan. FX-8350 wat 125 aka rubuta mata, FX-9590 ta 2013 kuma wat 220. A shekarun ne kuma ƙananan laftof masu araha masu furosesar AMD suka yi ta shigowa kasuwanninmu a matsayin kayan hannu, fanka na kuka, ƙasan na ƙuna, aiki na tafiyar hawainiya. Mai gyaran da ya sha buɗe irin waɗannan bai yi ƙarya ba da ya ce AMD zafi gare ta. Abin da ya gani da idonsa ya faɗa.

Lamarin ya juya bayan Lisa Su ta karɓi shugabancin AMD a 2014. A Maris na 2017 kamfanin ya fitar da Ryzen, inda Ryzen 7 1800X ta zo da kor takwas a lokacin da Core i7-7700K ke da huɗu. Kafin shekarar ta ƙare Intel ya ƙara nasa zuwa shida. Daga 2019 AMD ya mai da ƙirar furosesarsa masana'antar TSMC ta Taiwan, wadda ta yi gaba wajen ƙanƙanta kayan ciki, shi kuwa Intel ya daɗe yana jan tsohuwar fasaharsa ta nanomita 14 a kwamfutocin tebur har zuwa 2021. Hanyar da ta rage masa ta riƙe kambun gudu ita ce ƙara wa furosesa wuta. Core i9-13900K ta 2022 an yarje mata ta ja har wat 253 in aiki ya yi nauyi. Wato a saman jerin, wanda ake yi wa gorin zafi ya koma mai sanyin, wanda ake yabo ya zama mai buƙatar babbar na'urar sanyaya.

## Abin da ya sami zubi na 13 da na 14

A farkon 2024 ƙorafi ya fara yawa daga masu manyan furosesar Intel na zubi na 13 da na 14. Wasanni suna rufewa da kansu, Windows tana faɗuwa, wani lokaci saƙon kuskuren ya ɗora laifin a kan katin hoto, wato na'urar da ke sarrafa hoton da ke fita a allon kallo, alhali ba nan gizo ke saƙar ba. A Yulin 2024 Intel ya amsa cewa umarnin da ke cikin furosesar yana sa ta nemi ƙarfin lantarki fiye da kima, wanda a hankali yake gajiyar da wani sashe nata har ta kasa tsayawa daidai. Ya fitar da gyara mai lamba 0x129 a Agusta, sannan 0x12B a Satumba, waɗanda ke zuwa ta hanyar sabunta BIOS, wato 'yar manhajar da ke jikin madabod wadda ke tayar da kwamfuta. Ya kuma ƙara shekara biyu a kan garantin shekara uku na waɗanda abin ya shafa.

Abu biyu ne ke ɓacewa in labarin ya iso kasuwa. Na farko, gyaran rigakafi ne kawai. Furosesar da ta riga ta gaji ba ta warkewa da sabunta BIOS, sai dai a musanya ta. Na biyu, ba duk kayan Intel abin ya taɓa ba. Kamfanin ya bayyana cewa zubi na 12 gaba ɗaya, da i3 da i5 marasa harafin K na zubi na 13 da na 14, da na laftof, ba sa ciki. Waɗanda ke cikin jerin su ne i5 masu K irin su 13600K da 14600K, da i7 da i9. Don haka mai sayen i5-12400 ko i3-12100 don ofis ba shi da abin fargaba daga wannan labari.

Shi ma AMD bai fita fes ba. A Afrilun 2023 an ga hotunan wasu Ryzen 7000, musamman 7800X3D, da suka kumbura suka ƙone har da soket ɗin madabod, saboda wasu alluna suna tura wa wani sashe lantarki fiye da kima. An shawo kan matsalar da sabon BIOS da ya ƙayyade ƙarfin a bolt 1.3. Bambancin shi ne wannan ta fito fili da wuri aka rufe ta cikin makonni, ta Intel kuwa ta ɗauki watanni ana ja-in-ja, kuma lalacewarta ba ta nunawa a ido.

Wannan na ƙarshe shi ne ya fi shafar mai saye a nan. Kasuwarmu ta dogara sosai da kayan da aka yi amfani da su a Turai da Amurka da China. Furosesar i9-13900K da ta yi shekara biyu tana aiki da tsohon BIOS za ta iya kunnawa lafiya a shago, ta shiga Windows, a biya kuɗi, sai bayan mako guda a tsakiyar fitar da bidiyo ta fara faɗuwa. Sayen irinta a hannu ba tare da rasit da lambar garanti ba cinikin biri a sama ne.

## Soket: inda kuɗin gaske yake

Wanda ya zaɓi furosesa ya zaɓi madabod, ya zaɓi irin RAM, ya kuma zaɓi ko zai iya ƙara wa kwamfutar ƙarfi nan da shekara uku ba tare da ya zubar da rabinta ba. A nan ne halin kamfanonin biyu ya fi bambanta.

Al'adar Intel ita ce sauya soket bayan zubi biyu ko uku. LGA1200 ya ɗauki zubi na 10 da na 11. LGA1700 ya ɗauki na 12, 13 da 14, daga nan aka rufe shi. A Oktoban 2024 aka zo da LGA1851 don sabon jerin da aka raɗa wa Core Ultra 200S. AMD kuwa ya riƙe soket ɗin AM4 tun daga Ryzen ta farko a 2017 har zuwa jerin 5000, ta yadda wanda ya sayi madabod B350 da Ryzen 5 1600 ya iya dasa Ryzen 7 5800X3D ta 2022 a allon nan dai, bayan sabunta BIOS. Ba da daɗin rai kamfanin ya yi duk wannan ba: a 2020 ya fara cewa tsofaffin alluna ba za su ɗauki jerin 5000 ba, sai da masu saye suka yi ca a kansa ya janye. Sabon soket ɗinsa, AM5, ya fito a Satumban 2022, kuma kamfanin ya yi alkawarin ci gaba da shi har 2027 ko fiye.

A takarda wannan babban maki ne ga AMD. A aikace kuwa sai mutum ya tambayi kansa ko shi mai sauya furosesa ne. Yawancin ofisoshi da shaguna suna haɗa kwamfuta ne su yi ta aiki da ita shekara shida ko bakwai, in ta gaji a sayar a sayi wata. Ga irin wannan mai saye, alkawarin 2027 ba ya ƙara masa komai. Wanda yake amfana shi ne matashin da kuɗinsa bai kai ba yau, ya fara da Ryzen 5 7600 da niyyar ɗaukar babba in aiki ya buɗe.

Sai batun RAM. AM5 da LGA1851 sabon nau'insa, DDR5, kaɗai suke karɓa. AM4 tsohon nau'in, DDR4, kaɗai. LGA1700 ne ke da alluna iri biyu, wasu na DDR4 wasu na DDR5, kuma ba a haɗa su a allo ɗaya, ramin ma ba ɗaya ba ne. Tun daga ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da masana'antu ke fitarwa, ga kuma darajar naira da ta faɗi tun bayan sakin ta a Yunin 2023. Wannan ya dawo wa tsofaffin soket biyun da daraja. Wanda yake da DDR4 mai kyau a tsohuwar kwamfutarsa zai iya cire shi ya mayar a kan allon AM4 da Ryzen 5 5600, ko allon LGA1700 na DDR4 da i5-12400. Dukansu kor shida ne, dukansu suna hawa Windows 11, kuma a aikin yau da kullum da wuya mai amfani ya gane wacce ce a ciki. A wannan mataki, wanda madabod ɗinsa ya fi araha kuma ya fi samuwa a garin mutum shi ne ya ci.

Akwai wani tarko da ke kama masu haɗawa da kansu. Soket ya dace ba ya nufin kwamfuta za ta tashi. Allon B450 da ya daɗe a sito yana iya ƙin gane Ryzen 5000, haka allon B660 da furosesar zubi na 14, har sai an sabunta BIOS. Wasu alluna suna da maɓalli a baya da ke yin wannan da filashi ba tare da furosesa ba, wasu kuwa sai an aro tsohuwar furosesa an kunna tukuna. In kuma aka ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa, allon na iya mutuwa. Shi ya sa mai gyaran da ya san aikinsa ba ya fara wannan sai kwamfutar tana kan UPS ko inbata.

## Aikin da za a yi da ita

Ga aikin ofis, rajistar ɗalibai, buga takardu da shiga intanet, kowace furosesa mai kor huɗu ko shida ta shekarun nan ta wadatar har da ragi. Abin lura ɗaya ne: shin tana iya fitar da hoto da kanta? Ta Intel in lambarta ta ƙare da F, kamar i5-12400F, ba ta da sashen hoto, dole a sayi katin hoto daban. A jerin Ryzen 5000 kuwa sai mai harafin G, kamar 5600G, ke da shi. 5600 zalla ba ta da shi. Daga jerin 7000 AMD ya sanya ɗan ƙaramin sashen hoto a kusan duka, ban da masu F. Ba sau ɗaya ba ake haɗa kwamfuta tsaf, fanka na juyawa, fitilu na ci, allon kallo baƙi ƙirin, a yi ta zargin madabod, ashe harafi ɗaya ne ba a karanta ba a jikin kwali.

Masu haɗa bidiyo, na biki ne ko na fim ko na YouTube, su ne suke da dalili mai ƙarfi na duban Intel. Sashen hotonsa yana ɗauke da wata fasaha mai suna Quick Sync, tun 2011, wadda ke sauƙaƙa buɗe bidiyon da aka matse da tsarin H.264 da H.265. Sababbin zubin suna iya karanta nau'in 10-bit 4:2:2 da kyamarorin Sony da Canon na zamani ke ɗauka, wanda katunan hoto da dama suka daɗe ba sa iyawa, sai jerin RTX 50 na Nvidia a 2025 ya zo da shi. Mai irin wannan kyamara da ke aiki da Premiere Pro zai ga bambanci a santsin jan bidiyo. Amma in ya sayi mai F don ragin kuɗi, ya sayar da ainihin abin da ya kawo shi. A manyan ayyuka masu cinye kor duka, Core Ultra 9 285K mai kor 24 da Ryzen 9 9950X mai kor 16 suna kafaɗa da kafaɗa, wannan ta ci a wata manhaja waccan ta ci a wata.

A fagen wasanni hukuncin ya fi fitowa sarari. AMD yana da jerin X3D, inda ake ɗora ƙarin kash a jikin furosesa har ya kai megabait 96 ko fiye. Ryzen 7 7800X3D ta 2023 da 9800X3D ta Nuwamban 2024 su suka riƙe gaba a gwaje-gwajen masu sharhi, kuma da wuta kaɗan. Core Ultra 200S ta rage cin wuta idan aka gwada da zubi na 14, amma da ta fito, a wasanni da dama ba ta kamo 14900K da ta gada ba. Sai dai wannan fifiko ba ya bayyana sai an haɗa furosesar da babban katin hoto. Mai matsakaicin kati da ya zuba kuɗinsa a X3D, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Da ya rage a furosesa ya ƙara a katin da ya fi.

## Wuta, zafi da ƙura

Yawancin gwaje-gwajen da ake gani a intanet a ɗaki mai sanyi ake yin su, da wutar da ba ta yankewa. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, zafin waje kan haura digiri 40. Furosesa tana da iyakar da in ta kai take rage gudu da kanta don kada ta ƙone: digiri 100 a zubi na 13 da na 14 na Intel, 95 a yawancin Ryzen 7000. Duk digirin da ɗaki ya ƙaru, tazarar da ke tsakaninta da wannan iyaka ta ragu. Sakamakon shi ne mutum zai iya biyan kuɗin i9, amma a shago marar na'urar sanyaya ɗaki da rana tsaka ba zai riƙa samun cikakken ƙarfinta ba. Ryzen 7000 masu X su ma an tsara su ne su riƙa hawa har 95 da gangan, abin da ke tayar wa masu su hankali in sun ga lambar, ko da yake kamfanin ya ce haka aka gina su.

Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke shiga. Duk wanda ya taɓa ganin an buɗe akwatin kwamfutar shago a watan Fabrairu ya san yadda take toshe tsakanin haƙarƙarin ƙarfen sanyaya kamar auduga, sai an fito da shi waje an busa da abin hura iska, ana riƙe da fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa. Furosesa mai wat 65 tana haƙuri da irin wannan sakaci na 'yan watanni. Mai wat 250 ba ta yi.

Ga lissafin kuɗin. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta amma bai sauko ƙasa da 200 ba. Bambancin wat 100, awa takwas a rana, kwana 26 a wata, ya kai yunit 20 da ɗoriya, wato sama da naira 4,000 a wancan farashi. Ga mai kwamfuta ɗaya wannan ba zai hana shi barci ba. Ga mai aiki da inbata da batir, wat 100 ɗin nan awanni ne na aiki da dare. Ga cibiya mai kwamfuta 250, bambancin wat 10 kacal a kowacce ya zama wat 2,500, ƙarfin ƙaramin janareta guda.

Sai dai lambar wat da ke jikin kwali tana maganar lokacin aiki mai nauyi ne. Kwamfutar ofis yawancin wuninta a zaune take tana jiran a taɓa madannai, kuma a wannan hali furosesar Intel ta fi yawancin Ryzen na tebur tsimin wuta, saboda yadda AMD ke haɗa tasa da gutsattsari daban-daban da ke ci ko ba a aiki. Ryzen masu G, da yake guntu ɗaya ne, ba su da wannan hali. Wato mai fitar da bidiyo dare da rana da mai shagon cike fom ba amsa ɗaya za su samu ba, ko da tambayarsu ɗaya ce.

## Sunayen da ke ruɗar mai saye

A kasuwanninmu "Core i7" ya zama kamar sarauta, mutum ya shigo ya ce ita yake so ba tare da ya tambayi zubi ba. Core i7-4790 ta 2014 kor huɗu gare ta. Core i3-12100 ta 2022 ita ma huɗu, kuma ta fi ta gudu nesa ba kusa ba, ga shi tana hawa Windows 11 alhali waccan ba ta cikin jerin. Lambobin farko bayan ƙaramin layin su ne zubi, su ne abin karantawa kafin i3 ko i7. Zubi na 14 kuma kusan na 13 ne aka ɗan ƙara wa gudu, don haka bambancin farashi mai yawa tsakaninsu ba shi da hujja.

AMD ma yana da nasa ruɗanin. Ryzen 5 5500 da 5600 lambarsu kusa da juna, amma ta farkon rabin kash ɗin ta biyun gare ta, megabait 16 maimakon 32, kuma tana magana da katin hoto ta tsohuwar hanyar PCIe 3.0. Jerin 8000G lambarsa ta fi 7000 girma, amma ƙirar kor ɗinsu ɗaya ce, ƙarfin sashen hoto ne ya bambanta su.

Akwai kuma bambanci tsakanin furosesar kwali da ta faranti. Ta kwali tana zuwa a rufe da hatimi da garantin kamfani, masu wat 65 galibi har da fankarsu a ciki. Ta faranti kuwa tsirara take zuwa a 'yar robar da ta rufe ta, kuma garantinta yana hannun wanda ya sayar. In shagon ya ce mako biyu, to mako biyun ne. Wadda aka rubuta wa "Intel Confidential" a saman ƙarfenta samfurin gwaji ne da ba a yi don sayarwa ba. An kuma sha kama masu goge rubutun saman ƙaramar furosesa su buga lambar babba.

Saboda haka masu sayen da suka ƙware ba sa barin shago sai an dasa furosesar a gabansu an kunna, an buɗe manhajar CPU-Z, mai nuna bayanan furosesa, an ga sunan da ita kanta ta faɗa ya yi daidai da na rasit, an kuma bar ta a aiki mai nauyi na minti ashirin ko talatin ana kallon zafinta. In ta AM4 ce, ana juya ta a duba 'yan ƙusoshinta na zinare a hasken fitilar waya, domin a jikinta suke kuma saurin lanƙwashewa gare su. In AM5 ce ko ta Intel, ƙusoshin suna cikin soket ɗin madabod ne, can za a haska kafin a biya, don shaguna da yawa ba sa karɓar allon da aka dawo da shi da lanƙwasasshen ƙusa ko da guda ɗaya ne.